TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 7: Ɗakin da na gina wa shanun Baba

Assalamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya inda aka hana acaɓa a Kano cikin Janairun 2013, na saida mashin ɗina na tattaro komatsaina na dawo ƙauyenmu can bayan Wudil, kuɗi a aljihu kai kuma cike da shawarwarin majalisa.

Toh lokacin Baba nada shanun huɗa guda biyu, farare bunaji, suna ɗaure a turke bayan gida ƙarƙashin wata rumfa da tun ina yaro nake ganinta. Dirkoki shida ne kawai aka kafa aka gitta itace, aka shimfiɗa karan dawa a kai, harawar wake da ta gyaɗa ma a saman ake jibge su, gefen gabas an kare da zana saboda ruwan damina daga can yake bugowa. Ni kuma da na ga gidan gonar wani Alhaji a hanyar Zariya, sai rumfar nan ta koma bani kunya wallahi.

Da daddare na je na durƙusa nace Baba ina so in gina ma shanun nan ɗaki na bulo da kwano. Shiru yayi yana jan carbi, can yace "kai wannan" (ɗan fari ne ni, bai taɓa kama sunana ba har ya koma ga Allah) "su shanun ne suka kawo maka ƙara?" Nace a'a Baba, zamani ne ya canza. Yace toh kuɗinka ne.

Sati uku aka gama. Bulo har sama, taga ɗaya ƴar mitsitsiya wai saboda ɓarayi, kwano bandir ɗaya da rabi, ƙasa kuma nasa magini ya daɓe da siminti ya goge sumul kaman falon amarya, har komin cin dusa na siminti aka yi musu. Mutanen gari suna ta zuwa kallo ina ta hura hanci, Inna kuwa cewa tayi ita ɗakinta ma ba'a yi mata haka ba.

Sai bazara ta shigo. Duk wanda ya san Afrilu a ƙasar Kano ya san me nake nufi, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa ma, balle kwanon da na sa aka yi ƙasa ƙasa don in rage kuɗin bulo. Kana buɗe ƙofa da azahar wani hucin zai doke ka, ga zarnin fitsari har hawaye yake sa mutum, don daɓen ba'a karkata shi ba, fitsarin baya da hanyar fita sai ya kwanta ya cakuɗe da kashi ya zama caɓi. A tsohuwar rumfa ƙasa ce ke shanyewa, ragowar karan da suka tattake ya haɗe da kashin ya zama taki mai kyau, a kwashe a mangala jaki ya kai gona, ni duk ban taɓa lura da wannan ba sai da na lalata shi. Shanun suka rage ci, dusa da kanwa a gabansu sai dai su shinshina su kau da kai suna haki.

Ranar wata Laraba da asuba babban ya yunƙura zai tashi santsi ya kwashe shi, ƙafafun baya suka bankaɗe. Mu biyar muka ɗaga shi da igiya da buhu. Malamin dabbobi da aka ɗauko ya leƙa ɗakin sau ɗaya ya juyo yace wane ne ya kulle dabba a tanda? Kowa ya kalle ni. Shi ya nuna min cewa kwanon ba laifinsa bane, ɗaga shi ake yi sama sosai, bango iya ƙirji a bar sauran a buɗe iska ta ratsa, daɓe kuma a karce shi yayi kaushi a fitar masa da magudana.

Baba ko uffan bai ce ba, abin da yafi ƙona min rai kenan, da zagina yayi da yafi min sauƙi. Da la'asar kawai na ganshi ya kwance ƙaramin san ya maida shi tsohon turkensa, ashe dama shi ya hana yara cire dirkokin.

Babban kuwa ɗingishi ya kama shi, ga damina saura wata biyu, kuma sa ɗaya baya jan garma. Ranar Juma'a Baba ya tashe ni tun kafin kiran assalatu yace sa takalminka, kasuwar Wudil zamu.

Yadda muka kwashe da dillalai a kara sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.