Asabar a garejin Malam: hannun mai shayi

Sanyin yau bai yi wa kowa da wasa ba. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, idan hunturu ya kama kuwa ba mutum kaɗai ke jin jiki ba, har fentin mai. Abin da ya saba shan iska cikin kwana uku sai ya kai mako yana danƙo, ƙura tana bi tana manne masa. Don haka ban buɗe ko kwalba ɗaya ba da safe. Na karya, na ja rigar sanyi, na hau Keke daga Bauchi Road zuwa Taminus, daga nan na nemi na Tudun Wada.

Malam a Zariya ya yi karatun zane, ya koyar har ya yi ritaya, yanzu garejinsa ne makarantarmu duk Asabar. Rabon garejin da mota an daɗe. Kanbas ne jingine ta ko'ina, da warin man linsid da na kananzir ɗin wanke buroshi. Masu zuwa kuwa gamin gambiza ne: ni mai zanen fuskokin iyayen masu kuɗi, da abokina mai rubuta allunan shaguna, da wata Anti mai sassaƙa, da ɗalibai daga jami'a. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai Bahaushe da Birom da Angas, amma da Hausa ake gardamar, don a garin nan da ita kowa ya iya faɗa, da ita kuma ya iya lallashi.

Ƙa'idar zaman tsohuwa ce. Wanda ya kawo aiki ba ya buɗe baki sai kowa ya gama. Ƙarami ke farawa, Malam ke rufewa, domin in ya fara magana duk bakinsa za a bi. Kuma ba a yarda ka ce "ya yi kyau" ka yi shiru ba, sai ka nuna ina ne, ka faɗi dalili.

Yau ƙanwarmu ce ta kawo zane, ɗaliba 'yar ajin ƙarshe. Yayanta ya kama mata suka shigo da shi a hankali, sun sa gutsattsarin katako a kusurwoyi don kada kwali ya taɓa fentin. Ƙafa uku ne da huɗu. Da aka jingina shi inda hasken ƙofa ke faɗowa, garejin ya yi tsit.

Mai shayi ne a Taminus, gari bai gama wayewa ba. Dattijo, da hular sanyi da suwaita ruwan toka. Ya ɗaga kofi sama da hannun dama yana tsiyayo shayin cikin wani kofin da ke hagunsa, zaren shayin ya miƙe tsakaninsu bai tsinke ba. Wutar murhu tana dukan shi daga ƙasa, ta haske haɓarsa da ƙasan hancinsa da ja-ja. A gabansa tebur da biredi da kiret ɗin ƙwai da gwangwanin madara. Bayansa kuwa fenti ne tsararo, shuɗi-shuɗi da toka, sai ka ƙura ido za ka gane kangon babbar kasuwa ne. Ni dai zaren shayin nan ya kama ni. Da jan buroshi ɗaya ta yi shi, ba ta koma ta gyara ba, kuma wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san irin ƙarfin halin da hakan ke bukata.

Ƙaramin cikinmu ya fara da cewa wallahi kamar hoto. Malam ya kalle shi ta saman tabarau kawai, yaron ya haɗiye sauran maganar.

Abokina mai alluna ya ba kowa dariya, don shi da rubutu ne abincinsa, shi ne ya ce a kashe rubutun gwangwanin madara. Ya ce duk faɗin zanen nan babu inda ya kai gwangwanin fari da kaifin baki, har sunan kamfani ana karantawa, ido kuwa inda fari da baƙi suka haɗu da kaifi can yake fara sauka. Ya ce, "Ƙanwata, talla kike musu ne? In sun biya ki, to. In ba su biya ba, ki shafa masa toka ya koma gefe, mu ga fuskar Baba." Gaskiya ya faɗa.

Anti mai sassaƙa ba ta damu da kala ba sam. Ta tashi ta ɗauki kofi, ta ɗaga hannu sama yadda dattijon ya yi, ta ce mu dubi kafaɗarta. Kafaɗar dama ta hau kusan kunne, ta hagu ta sauka, ƙugu ya ɗan karkace. A zanen kuwa kafaɗun a daidaice suke. Ta ce, "'Yata, ban ga ƙashi a cikin suwaitar nan ba. Kamar an rataye riga a ƙusa." Shawararta ita ce a nemo inda ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu suke tukuna, sannan a sa musu tufa.

Da aka zo kaina, kan fata na tsaya, don nan ne wurin da nake cin tuwo. Wutar da ke fuskar ta yi, siyena da oka, wato kalolin ruwan ƙasa, da ɗan ja, duk sun zauna. Inuwar ce ta mutu. Gefen fuskar da wuta ba ta kai ba ta cika shi da baƙin kwalba tsantsa, ya zama rami. Alhali haske biyu ne a wurin: na murhu mai zafi daga ƙasa, da na sararin asuba mai sanyi daga sama. Baƙar fata tana ɗaukar kalar abin da ke kewaye da ita sosai. Goshin mutum da tudun kumatunsa da asuba shuɗi-shuɗi suke yi, wani lokaci har da ɗan ruwan makuba. Na ce ta ajiye baƙin nan, ta haɗa shuɗin altamarin da amba, wato ruwan ƙasa mai duhu, za ta samu duhun da za ta iya karkata shi zuwa zafi ko sanyi yadda take so. Na kuma nuna mata inda fentin ya dushe a wuya da hula, wasu wuraren na ƙyalli wasu sun yi fururu. Da fentin bango da gam ta yi shimfiɗar kanbas ɗin, yadda yawancinmu muke yi saboda tsadar ta kanti, shi kuwa shanye mai yake yi, amba kuma dama ya fi kowa saurin bushewa da dushewa. Maganinsa ba banish ba ne yanzu, wato man ƙyallin da ake rufe zane da shi. Fentin mai ba ƙafewa yake yi ba, iskar oksijin yake sha a hankali har ya taurare, kuma banish na ƙarshe sai ya yi aƙalla wata shida. In ya sha iska ta shafa mai kaɗan-kaɗan a wurin ta goge, kalar za ta dawo. Kuma ta riƙa tunawa: shafin ƙasa mai kaɗan, na sama mai da yawa. In aka juya, na sama ya riga bushewa, sai ya tsattsage.

Sai aka zo kan hannu, inda aka kusa cinye rabin zaman.

Hannun hagu, mai riƙe da kofin ƙasa, ya yi girma. Tafin hannun mutum daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa bai cika wuce tsawon haɓa zuwa goshi ba. Nata ya fi fuskar duka har da hular. Wani ɗalibi, wanda na lura tun ɗazu yake neman inda zai kare ta, ya ce ai wannan salo ne. Ya ce mu je gidan tarihin Jos mu ga mutum-mutumin Nok, na yumɓu da mutanen da suka gina: kai ya kan cinye kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na tsawon jiki, alhali kan mutum na gaske wajen ɗaya cikin bakwai da rabi ne, kuma babu wanda ya ce magabatan nan ba su iya ba. Ya ƙara da mai zane Yusuf Grillo da dogayen matan da ya zana da shuɗi. Ya ce mai shayi da hannu yake ci, don me hannun ba zai yi girma ba?

Hujjar ta yi daɗin ji, har na ga Anti tana gyaɗa kai. Malam ya bari ya gama tsaf. Ya ce gidan tarihin nan tun 1952 yake, kuma shi ya fi shekarun yaron yana shiga. Ya ce mai ginin Nok da ya girmama kai, ya girmama ido ma, ya yi shi mai kusurwa uku ya huda tsakiya, komai na jikin yana bin doka ɗaya. Grillo ma, tun suna ɗalibai da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958 da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, ya iya zana mutum daidai kafin ya fara jan shi. In ya ja wuya, ya ja hannu, ya ja zani. Nan kuwa komai yana bin awon ido, hannu ɗaya ne ya fita daga sahu. Sai ya karya ƙa'idarsa da kansa, ya juya gare ta.

"Da me kika zana shi?"

"Da hoton waya, Malam."

"Kina ina lokacin da kika ɗauka?"

"A bakin teburin."

Ya ce to ga shi nan. Idan hannu yana rabin mita daga waya, fuska tana mita ɗaya, hannun zai fito ninki biyu in an gwada shi da fuskar. Ja da baya mita uku, bambancin ya kusa ɓacewa. Idonmu yana gyara wannan ba tare da mun sani ba, waya ba ta gyarawa. Ya ce, "Wayar ce ta zaɓi girman hannun nan, ba ke ba. In kin zana shi daidai, sannan kika ga kina son sa babba, ki ƙara shi, ni zan fara tafa miki." Ya ɗauko tsohon madubin mota da ke rataye a bango ya ba ta, ya ce ta juya wa zanen baya ta kalle shi ta ciki. Ta duba, ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Da aka ba ta dama ta yi magana, jikinmu ya ɗan yi sanyi. Ta ce ta san zane daga rai ya fi, amma wace budurwa ce za ta tsaya teburin mai shayi a Taminus da asuba da takarda da gawayi, maza na kallo? Da yayanta ta je, a gurguje. Dattijon ya yarda a ɗauke shi, amma sai da ya tambaya inda za a rataye shi, don ba ya son a kai shi inda ake shan giya. A gida kuma kawunta bai daina yi mata nasiha kan zana mai rai ba, shi ya sa a ɗakin ajiya take aiki, inda taga ɗaya ce ƙarama. Mu Musulmin cikin zaman babu wanda bai san wannan maganar ba, kowa da yadda ya ƙare da malamansa da zuciyarsa, ba kuma a garejin ake yanke ta ba. Malam bai tsoma baki ba. Ya ce wa yayan nata kawai, "Kai za ka zama mai shayi. Ka riƙe kofi cike da ruwa, ba wofi ba, ta zana hannunka da gawayi har sai ka gaji."

Inda muka rabu da Malam shi ne bayan zanen. Yana son ta fito da kangon kasuwar sosai, a ga ginshiƙai, a gane Jos ce. Ya ce tun gobarar Fabrairun 2002 ginin nan yake tsaye a haka, kuma zanen da ya nuna mutum yana neman abincinsa a gindinsa ya faɗi abin da jarida ba ta faɗa ba. Na ce, "Malam, a gafarce ni, ni ban ga haka ba." Shi ya san kasuwar tana raye, ya sayi kaya a cikinta. Ita kuwa a kango ta tashi ta same ta, abu ne da ke can baya kullum, ba a ma kallonsa. Yadda ta bar shi tsararo haka take ganinsa, kuma shi ya ba fuskar dattijon wurin numfashi. In ta cika shi da ginshiƙai, zanen zai koma na kasuwa da wani mutum a gaba. Ɗan Jos zai gane wurin ko a haka; wanda bai gane ba, mai shayin ya ishe shi. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, mai zane ce za ta raba mu." Har yanzu ina kan bakana.

Mama ta aiko da gwaten acca mai zafi, aka koma hirar kuɗi kamar kullum. Farin fenti ya ƙara tsada, an ce a haɗa kuɗi a yi saƙo ɗaya daga Legas. Mai alluna ya tuna mana cewa Tutu ta Ben Enwonwu, wadda ya zana a 1974, fam miliyan 1.2 aka saye ta a Landan a 2018, shekara 24 bayan rasuwarsa. Anti ta ce ita a biya ta tana da rai ko da rabin kuɗin siminti ne.

Bayan isha'i ƙanwar tamu ta turo mini hoton takarda cike da hannaye na gawayi, wasu sun karkace, biyu daga ciki sun riƙe kofin da gaske, har ana ganin jijiyar bayan hannu ta tashi. Ta tambaya, "Yaya, in kankare tsohon ne ko in hau kansa?" Na ce ta taɓa da bayan yatsa. In yana danƙo ta kankare da wuƙar fenti har ta kusa kanbas, ta goge da tsumma. In ya bushe ta bi tudun da sanfefa mai laushi, ta shafa mai kaɗan, sannan ta fara da teburin da suwaitar da tsohon hannun ya rufe kafin ta ɗora sabon. Maganar kasuwar ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tayar ba.