Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Baba ya kai mu kallon fure

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya ne a inda rumfar Baba ta babbar kasuwar Garwa ta fara yin shiru, masu zuwa ciniki suka koma masu zuwa gaisuwa. Yau zan ba ku labarin wata fita da muka yi, wadda har gobe in mun haɗu da 'yan'uwana a gidan biki sai an tayar da ita, kowa da yadda ya riƙe ta. Ni dai ga tawa.

Shekarar 1994 ce, kuma duk wanda ya yi wayo a Kamaru a lokacin ba sai an tuna masa ba. A watan Janairu aka zauna a Dakar aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Kafin nan, a 1993, sau biyu ana zaftare albashin ma'aikata. Baba kuwa atamfa da shadda yake sayarwa, yana karɓo su bashi daga wani ubangidansa a Kano, su biyo ta Yola, in ya sayar ya canza ya biya da naira. Manyan masu sayensa matan ma'aikata ne. To ga bashi ya kumbura a dare ɗaya, ga masu saye aljihu ya bushe. Mu yara ba abin da muka sani. Abin da muka gani kawai, ƙaramar sallar da ta zo tsakiyar Maris ɗinki ɗaiɗai aka yi mana, alhali 'ya'yan mai atamfa ne mu. Sai kuma Goggo, yayar Baba, da ta zo daga Marwa yin salla, salla ta wuce da wata guda ba ta ce ga ranar komawa ba.

Wata Lahadi cikin Afrilu, bayan sallar asuba, Baba ya leƙo tsakar gida ya ce kowa ya shirya, in an yi la'asar za mu je kallon fure.

Inna tana tankaɗe ta ajiye rariya. "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Har da ke."

Sai wanda ya san unguwar Hausare ta wancan zamani zai gane nauyin wannan "har da ke". Inna ba ta fita da rana sai asibiti. Barka da gaisuwar mutuwa ma bayan isha'i ne, Yaya a gaba da tocila. Goggo kuwa daga kan tabarma ta ce, "Fure? Ci ake yi ko sha? Ana wannan wutar mutum ya rasa abin yi sai kallon itace." Ba ta yi ƙarya a kan wutar ba. Garwa a kwarin Binuwai take, Afrilu zafi kan haura digiri 40, kogin ya janye ya bar rairayi, dorinai su tattaru a guraben da suka rage da zurfi. Amma ita ce ta riga kowa ɗaura ɗankwali.

Baba ya aro a-kori-kura wurin wani abokinsa. Inna da Goggo a gaba, mu a baya kan tabarma da tulun folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara, da burodin sanda, da gwangwanin sadin, da mangwaro rabin kwando. Muka nufi sama, wajen unguwar ma'aikata, inda akwai wani lambun hukuma da mu muke ɗauka wurin Nasara ne da 'yan kudu, waɗanda kan fito ran Lahadi da matansu hannu cikin hannu.

Tun daga bakin ƙofa muka yi tsit. Gari duk ya yi fari fat da ƙura, ciyawa ta ƙone tun kaka, amma ga wasu itatuwa a jere, ba ganye ko ɗaya, sun yi jajawur daga sama har reshen ƙasa, furen da ya zubo kuma ya rufe hanya har ana jin kunyar takawa. A gefensu marga ta saki nata ruwan ɗorawa, zangarniya-zangarniya yana reto. Auta ya saki hannuna ya ruga, ya tsinci doguwar kwafsar jan itacen, wadda ta kusa tsawon hannunsa, yana kaɗawa 'ya'yan ciki suna ƙara. Nan take shi da Yaya, wanda ke ganin ya girma, suka mai da ita takobi.

Ni kuwa Inna nake kallo. Ta ja mayafi har goshi, tana tafe a bayan Baba, idonta a ƙasa. Sai da ta zo gindin marga ta tsaya cak, ta shafa jikinta, ta ce da Goggo, "Yaya, kin ga marga." Daga nan bakinta ya buɗe. Inna 'yar ƙauye ce, a daji ta tashi kafin aure ya kulle ta a birni, kuma ranar na san haka da gaske. Saiwar marga ana jiƙa wa mai ciwon ciki, amma kaɗan, don tana wanke ciki ba da wasa ba. Ga dogon yaro, ganyensa na zazzaɓi. Da Auta ya kai hannu kan wata kariya da ta yi fure ja da fari a kan kututture mai ƙaton ciki, Inna ta doke hannun tun kafin ya tsinka: ruwan jikinta dafi ne, maharba na shafa shi a kibiya, shi ya sa a garinsu ba a barin yaro ya yi wasa da ita ko da an dasa ta a shinge. Goggo da ta ce ba ci ake yi ba, sai ga ta ta zaro 'yar wuƙa daga lalita za ta ɗan ɓare bawon marga.

A nan tsohon da ke ban ruwa ya iso da bokitinsa. Ba Bahaushe ba ne, don haka aka koma Fillanci, harshen da kowa ke ji a Garwa. Cikin ladabi ya roƙi Goggo ta mai da wuƙarta, ya ce in kowa ya ɓare kaɗan, baɗi ba mai ganin fure. Goggo ta mayar tana gunguni. Inna kuwa, matar da ban taɓa jin ta yi wa baƙon namiji magana ba in ba ta bayan labule ba, ta nuna jan itacen ta tambaye shi maganin me yake yi, don ita duk yawonta na daji ba ta san shi ba.

Tsohon ya ce ba za ta san shi ba, ba ɗan ƙasa ba ne. Filambuwayan suke ce masa, asalinsa daga tsibirin Madagaska, Nasara ne suka zo da shi suka jera a bakin tituna. Dogon yaron ma da take gani kamar na gado, daga Indiya ya zo.

"To maganin me yake?" Inna ta sake tambaya.

"Ni dai, Hajiya, tunda nake ba shi ruwa ba wanda ya zo nemansa don magani. Kallonsa ake yi."

Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana dubansa, sai ta fashe da dariya har mayafin ya zame. Ta ce ashe har itace akwai wanda Allah ya hutar. A gindinsa ta ce a shimfiɗa tabarma. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ba tsintar wake, ba tsifar kan kowa, hannunta biyu a cinya. Ni a sanina ban taɓa ganin hannun Inna ba komai a cikinsa ba sai ranar, kuma ina ganin duk abin da za a faɗa a kan Baba daga baya, wannan ɗaya ya kyauta.

Wani mai hoto yana yawo da kyamara a wuya. Baba, wanda ko na katin shaida sai da aka matsa masa, da kansa ya yafito shi. Ya jera mu, ya sa Inna a damansa, ya ce kowa ya matso sosai. Yaya ya dube ni, na dube shi.

Da aka buɗe abinci Baba ya gyara murya. Inna ba ta kalle shi ba, ta ce a hankali, "Malam, bari su gama ci." A nan na gane ta san abin da ake ciki tun kafin mu baro gida. Muka ci burodi da sadin, muka sha folere, mangwaro ya ɓata mana riguna, Baba bai kai komai bakinsa ba.

Sai da rana ta yi ja ya yi magana. Ya ce ya sayar da rumfa ya rage bashin Kano, sauran kuma an yi masa lamuni. Shi zai tafi Ngaundare, inda jirgin ƙasan Yawunde yake ƙarewa, wani amininsa mai manyan motoci da ke kwasar kaya daga tasha zuwa Njamena ya yi masa alkawarin aikin rubuta lodi. Inna da Auta za su koma gidan Kawu kafin ya samu wurin zama. Yaya zai zauna a kasuwa wurin maƙwabcin rumfarmu ya koyi ciniki. Sannan ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ke za ki bi Goggonki Marwa."

Ina ajin ƙarshe na firamare a lokacin, jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato, malaminmu har ya rubuta sunana cikin waɗanda za su zauna. Na ce, "Baba, makarantar fa?" Ya dubi Inna, Inna ta shiga naɗe bakin tabarma. Goggo ce ta amsa, tana goge wuƙar da ta yanka mangwaro da ita.

"A Marwa ma akwai allo. Tashi ki kwashe kwanukan nan, magariba ta yi."

Yadda muka kwana a daren nan, da abin da Inna ta ƙulle mini a bakin zane ranar da muka hau motar Marwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.