Yau Martins Ya Yi Alkafura a Kanmu

Lahadi, 27 ga Fabrairu, 2011

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, tuwon da aka ajiye mini yana nan a rufe ban taɓa shi ba. Uwargida ta leƙo sau biyu. A na biyun ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Maigida, in dai ba rasuwa aka yi ba, ka daure ka ci abincinka." Na ce mata ba rasuwa ba ce. Ta ce ai ta sani, tun daga ihun da yaran layi suka ɗauka bayan magariba ta gane Arsenal ce aka sake yi wa.

Da safe kuwa ba haka na tashi ba. Tun jiya na sa aka wanke mini jar rigata aka goge. Wasan ƙarshe na Kofin Carling a Wembley, kuma da wa? Birmingham, kulob ɗin da ke ta fama kada ya faɗa rukuni na biyu. Mu da muka doke Barcelona 2-1 kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Rabonmu da kofi tun na FA a 2005, kuma duk wanda ya san zaman majalisa ya san yadda ake ƙirga mana shekarun nan da yatsu kullum. Na ce yau dai bakin kowa zai mutu. Ko da na tuna Fabregas da Walcott ba za su buga ba saboda raunin da suka samu ranar Laraba a wasan Stoke, ban ji komai a raina ba.

A teburin mai shayi aka fara. Ƙanena, wanda Allah ya jarabce shi da son Chelsea, yana dama shayinsa ya ce, "Yaya, ni ba Birmingham nake ji muku ba, wannan siririn Bafaranshen naku mai lamba 6 nake ji muku." Koscielny yake nufi. Na ce masa siririn nan ne ya hana Drogba sakat a watan Disamba muka ba ku 3-1, ya yi dariya ya ce rana ɗaya ce. Haka muka yi ta yi har Kawu ya iso da rediyonsa a hannu.

Kawu yana son Arsenal tun zuwan Kanu a 1999, kamar yawancin dattawan unguwarmu, kuma ba ya ɗaga murya a kan ƙwallo. Ya ce mu bar yaron nan ya sha iska. Ya tuna mana Henry sai da ya buga wasa takwas bai ci ko ɗaya ba da ya zo daga Juventus, har aka fara cewa kocinmu Wenger ya yi asarar kuɗi, sannan ya buɗe da Southampton. Ya ce Pires ma da ya zo daga Marseille a 2000, a benci aka ajiye shi ranar farko a gidan Sunderland, ya zauna yana kallon yadda ake sheme mutane alƙalin wasa yana cewa a ci gaba. Shekara biyu bayan nan shi marubuta wasanni na Ingila suka zaɓa gwarzon shekara. Wani ɗan United da ke gefe ya sa baki ya ce nasu Evra ma a Janairun 2006 ko rabin lokaci na biyu bai gani ba a wasansa na farko, City ta ba su 3-1, Ferguson ya cire shi a hutu. Kawu ya ce to kun gani, baƙo ko da ido makaho ne.

Ni abin da ya sa nake kare Koscielny, na san inda ya fito. Shekara uku da suka wuce yana Tours, a rukuni na uku na Faransa. Kaka ɗaya tak ya yi a babban rukuninsu, a Lorient, sai ga shi a Landan an miƙa masa lambar da Tony Adams ya sa. Kuma ba don ya buga kowane wasa aka sayo shi ba. Vermaelen ne ya ji ciwo a agara tun watan Satumba, shi ya sa aka jefa shi tsundum, yau da Squillaci, gobe da Djourou. Marabar da Ingila ta yi masa ma ba zan manta ba. Wasan farko a Anfield, gidan Liverpool, Joe Cole ya share masa ƙafa kafin hutu aka fitar da shi a gadon ɗaukar masu rauni, Cole ya sha jan kati. Muka ce shi ke nan, ƙafa ta tafi. Sai ga shi ya dawo bayan hutu, ya buga har ƙarshe, kuma a mintunan da aka ƙara shi ma ya karɓi katin gargaɗi na biyu aka kore shi. A rana guda ya ɗanɗana komai.

Salonsa na sha gaba ne. Yana karanta inda za a miƙa ƙwallo ya riga ɗan gaba isa wurin, ya zare ta da tsinin ƙafa. Da Barcelona wannan salon ya yi kyau ƙwarai, don su a ƙasa suke gara ta, ya yi ta tsinke musu zare har Messi ya tashi bai ci ba. Amma rabin kulob-kulob ɗin Ingila ba sa miƙa maka abin da za ka karanta. Gola ne zai narka ta sama, wani ƙato ya jingina da kai, gwiwar hannunsa a haƙarƙarinka, alƙali kuma ko kallonku ba zai yi ba. In ka yi saurin shiga ka kuskure, bayanka fili ne fetal. Haka ya sha jan kati na biyu a Nuwamba, ranar da Newcastle ta zo har gida ta ci mu 1-0 da kan Andy Carroll. Sannan a Faransa ana hutu ƙarshen Disamba, a Ingila kuwa lokacin ne ake jera wasanni kamar ba gobe.

Ƙarfe biyar na yamma aka take. Tun huɗu da rabi na kama wuri a benci na uku, gefen da fanka ke kaiwa, don zafi ya fara shigowa kuma rufin gidan kallon kwano ne. Wuta ba ta ko leƙo ba, janareto ne tun farko, mai gidan yana tsaye bakin ƙofa da kuɗin shiga a dunƙule a hannu. Gidan ya cika maƙil, kuma fiye da rabi ba 'yan Arsenal ba ne. 'Yan United da Chelsea duk sun zama 'yan Birmingham na yini ɗaya.

Gaskiya tun minti na biyu Allah ya rufa mana asiri. Golanmu Szczesny ya kayar da Bowyer na Birmingham a cikin da'ira, mai tuta ya ɗaga ta satar gida, da aka maimaita kowa ya ga ba satar gida ba ce. Da fenareti ne, wataƙila har da jan kati. Na yi shiru na gyara zama.

Daga nan sai Zigic, ɗan gabansu. Mutumin nan ya haura mita 2, in ya tsaya kusa da Koscielny sai ka ce yaya da ƙani. Duk ƙwallon da Birmingham ta samu kansa take nema. A minti na 28 aka bugo kwana, Roger Johnson ya taɓa da ka, Zigic ya goga ta cikin raga a gaban hancin gola. Ƙanena ya juyo daga bencin gaba ya kalle ni, bai ce komai ba, ya juya. Minti na 39 Wilshere ya buga ta daki ƙarfen sama, Arshavin ya tsince ta ya kwaso, Van Persie ya juya jiki ya farke. Na tashi tsaye har na take ƙafar wani bawan Allah, na ba shi haƙuri, ya ce ba komai shi ma namu ne.

Bayan hutu Fahey na Birmingham ya buga ta daki turke, Van Persie ya fita da ciwon gwiwa, daga nan muka danne su. Golansu Ben Foster ne kawai ya hana. Ana cikin haka aka kira magariba. Na ɗan yi jim, sannan na fita, muka yi sahu a tabarmar da ke gaban shagon mai caji, kuma Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana kan ihun da ke fitowa ta tagar gidan kallo. Da na dawo sai na tarar an sako Obafemi Martins. Aro Birmingham ta karɓo shi daga Rubin Kazan ta Rasha, ko wata guda cikakke bai yi da su ba. Wani a baya ya ce, "Ɗan gida ya shigo, ku yi hattara." Aka yi dariya.

Minti na 89. Zan rubuta yadda na gani, don na san gobe kowa zai ba da nasa labarin. Foster ya ɗauki bugun tazara daga can cikin gidansu ya narka gaba. Zigic ya goga da ka, ba da ƙarfi ba, ƙwallon ta tafi tana ɗan tsalle a hankali wajen Szczesny. Ba wani haɗari a ciki. Yaron da ke buga ta a filin makarantar firamare zai kama ta. Szczesny ya durƙusa zai rungume, Koscielny ya ɗaga ƙafa zai watsar, sai a tsakiyar bugun ya fasa, kamar wanda aka kira sunansa. Ƙafar ba ta tafi ba kuma ba ta dawo ba. Ƙwallon ta kuɓuce daga jikin gola ta gangara gaban Martins, raga a buɗe ba kowa. Ya tura ta ciki, ya ruga yana alkafura.

Benci biyu suka kife. Wani ya cire rigarsa yana juyawa a sama. Ni abin da idona ya tsaya a kai shi ne Koscielny a durƙushe, da Barry Ferguson na Birmingham da ya zo wucewa da gudu ya ɗan make shi a ƙeya. Wannan abin ya fi cin ƙwallon ƙona mini rai. Mutum yana ƙasa ka bi ta kansa, wace irin tarbiyya ce wannan?

Birmingham rabonta da babban kofi tun 1963. Namu shekara shidan da ake yi mana gori ashe wasa ne.

A hanyar gida ƙanena ya ce, "Yaya, na faɗa maka da safe." Na ce ka faɗa, amma ba abin da ka faɗa ne ya faru ba. Ka ce ba shi da ƙarfi, to wa ya ture shi a ƙwallon nan? Ba kowa. Minti 88 yana kokawa da mutumin da ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda, ya sha wasu ya ci wasu. Abin da ya kayar da mu magana ce. Na buga baya a ƙungiyar unguwa shekara da shekaru kafin gwiwa ta hana ni, kuma abu na farko da kocinmu ya koya mana shi ne in gola ya ce "bar ta" ka bari, in ba ka ji komai ba ka watsa ta ko cikin masu kallo ne, a yi faɗan daga baya. Ɗan bayan da ya tashi a Ingila ba zai tsaya tunani ba, zai aika ta saman rumfa ko da golan yana rantsuwa. Koscielny an rene shi a kan cewa ƙwallo abar lallashi ce, ba a zubar da ita a banza. Ga gola ɗan Poland mai shekara 20 wanda sai a Disamba ya fara tsare raga a Firimiya, ga ɗan baya Bafaranshe da bai cika wata takwas a ƙasar ba, ga ihun mutum kusan dubu casa'in. Cikin ƙiftawar ido ɗaya ake so su fahimci juna.

Ƙanena ya ce duk wannan bayani ne, kofi dai yana Birmingham. Ban iya ce masa komai ba.

Mun tarar da Kawu a ƙofar gida yana lazimi. Bai je gidan kallo ba, ya ce hayaniyar tana sa masa ciwon kai, a rediyo ya ji. Da ya shafa ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ci?" Na ce ai ka ji, Kawu. Ya ce ya ji, so yake in faɗa da bakina. Na ce Martins. Ya ce to ko ba komai yaron Legas ne ya ci ƙwallon da ta ɗauki kofi a Wembley, gobe duk jaridun Ingila sunan ɗan Najeriya za su buga. Na ce Kawu, da Super Eagles ya ci wa da na fi kowa murna. Ya yi murmushi ya ce in shiga in ci abinci.

Abin da ke damuna yanzu shi ne abin da wannan daren zai yi wa yaron. A farkon watan nan koci Laurent Blanc ya gayyace shi tawagar Faransa karon farko, ya zo ya yi wasan ransa da Barcelona, yau kuma ga wannan. Na san daga gobe duk wanda ya ambaci sunansa a majalisa da dariya zai haɗa. Ranar 8 ga Maris za mu je Camp Nou, gidan Barcelona, kuma a gasar Firimiya muna na biyu a bayan United. In Wenger ya ajiye shi a benci, wa zai sa, Squillaci? Gara dai ya mayar da shi fili tun kafin abin ya zauna masa a zuciya.

Wayata ta yi ƙara sau goma sha wani abu tun ɗazu. Na duba guda ɗaya, abokin aikina ne ya turo saƙo wai yana tambaya ko gobe zan shigo ofis ko in ya rubuta mini takardar rashin lafiya. Na kashe ta na cire batirin.

Rigar tana rataye a bayan ƙofa. Tuwon ya huce, amma miyar kuka ce, zan sa a ɗumama.