Ƙanena, kafin ka gangara dutse da keke

Duk lokacin da sanyin hunturu ya shigo Jos, kafaɗata ta hagu takan tuna mini da ranar da na karya ta a wata gangara ta gefen duwatsun Shere. Ina rubuta wannan ne saboda ina ganin samari da yawa yanzu sun sayi keken hawan dutse, mai kaurin taya da tarin giya, suna fita ranar Asabar da irin zumuɗin da na fita da shi. Ba na son wani ya kwana shida a kwance yana jiran kumburi ya sauka, kamar yadda na yi.

Tun ina firamare nake tuƙa keke. Na kai niƙa, na ɗauko jarkokin ruwa, na goya ƙannena zuwa Islamiyya. Don haka da na samu keken dutse na gwanjo, ban ga abin da zan koya ba. Wannan tunanin ne ya cuce ni, domin kwalta tana yafe wa mutum kuskure, tsakuwa da marmara kuwa ba sa yafewa.

A tsohon kekena birkin baya yana hannun hagu, kamar yadda ake haɗa kekunan Ingila. Wanda na saya kuwa haɗin Amurka ne, hagu shi ne birkin gaba. Ban duba ba. Da gangarar ta ja ni, zuciyata ta tsinke, na damƙe hannun hagu da yatsu huɗu da dukan ƙarfina. Tayar gaba ta tsaya cak, ta baya ta tashi sama, na wuce ta kan ƙahon keken na sauka da kafaɗa. Ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, saboda haka duk keken da ka taɓa, naka ko na aro, ka tura shi a ƙasa ka matsa kowane birki ka ga wace taya yake kamawa. Aikin minti ɗaya ne.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni haushi. Da na warke sai na yanke wa birkin gaba hukunci, na daina taɓa shi kwata-kwata. Na baya kawai nake ja, taya tana jan ƙasa, ƙura tana tashi, keke yana wutsil-wutsil da gindi, ni kuma ina ɗauka ƙwarewa ce. Wata rana a kan burji bayan ruwan sama keken ya ƙi tsayawa har sai da na shiga cikin ƙaya. Wani dattijo da muke fita tare ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, tayar da ke jan ƙasa ba ta riƙe komai." Ya nuna mini cewa in ka taka birki nauyinka gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke manne da ƙasa, kuma yawancin ƙarfin tsayawa a wurinta yake. Laifin ranar farko na hannuna ne da ya fizga. Birki matsa shi ake yi a hankali, kamar mai tatsar nono, duka biyun tare, kana sauke dugaduganka ƙasa, kana ɗan ja da ƙugu baya. In birkinka na faifai ne mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya isa, manuni, sauran su riƙe ƙaho. Na kwance maƙallan birkina na matsar da su ciki kaɗan, yadda manunin zai faɗa daidai kan ƙarshensu.

Kada kuma ka riƙe birki tun daga saman dutse har ƙasa, zafi yake ɗauka ya rage kamu. Waɗanda suka fara wannan wasa a gundumar Marin ta Kalifoniya sun sha wannan. Tseren gangarar da suka fara a 1976 sunansa Repack, wato sake cusawa, domin birkin tsofaffin kekunansu kan yi zafi har girisin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Ka rage gudu a inda hanya take miƙe kuma ƙasa take da tauri, ka saki a inda take da gargada. Kwana ma haka: kafin ka shiga ake rage gudu, in ka shiga ka sassauta, fedar waje tana ƙasa ka danna mata nauyi, ka kwantar da keken ya bi kwanar.

Sai maganar ido, wadda na daɗe ban yarda da ita ba. Akwai wani dutse kamar girman tulu a tsakiyar wata 'yar hanyar shanu da muke bi. Sau uku ina buga shi, alhali akwai fili ta dama wanda ko jaki da kaya zai wuce. Dalili shi ne tsoronsa nake ji, sai in kafa masa ido, keke kuwa inda ido ya tafi nan yake bi. Ranar da na tilasta wa kaina kallon filin, na wuce sumul. Ɗaga haɓarka, ka riƙa kallon taku goma ko fiye a gabanka. Abin da ya riga ya zo ƙarƙashin taya ya wuce gyara.

Na kuma yi shekara guda ina gangara a zaune daram a kan sirdi, hannuwa a sandare, kowane rami yana dukana har tsakar ka. A gangara tashi ake yi. Fedoji biyu su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, kada wadda ke ƙasa ta kama dutse. Gwiwoyin ƙafa da na hannu a lanƙwashe, a buɗe, su ne za su shanye girgiza. Nauyinka ya zauna a ƙafafu, hannu ya yi sako-sako. Ka sauke sirdin ƙasa kafin doguwar gangara don ya ba ka wuri. Wasu za su ce maka ka koma can bayan sirdi, ni ma na bi wannan har na wuce gona da iri, tayar gaba ta rasa nauyi ta riƙa zamewa a kwana. Tsakiyar keke ne mazauninka, baya kuwa gwargwadon tsananin gangarar.

Mai faci ya saba da keken gari, zai ɗura maka iska har taya ta koma kamar ƙarfe. Irin wannan tayar tsalle take yi a kan tsakuwa. Ni da nauyina, wajen 28 zuwa 30 a ma'aunin PSI na jikin famfo nake sawa in da tub a ciki. In ka rage da yawa kuma, dutse zai matse tub ɗin da rim ya huda shi gida biyu. Giya ka sauya ta kafin hawa ya yi tsanani, kada ka jira sai kana nishi, nan ne sarƙa ke tsinkewa. Hular kwano ba na tattauna ta da kowa. Wadda na sa ranar Shere ta tsage ta gefe, kaina bai tsage ba. Kada ka fita kai kaɗai, kuma ka tuna dutsen Filato in ya jiƙe da damina santsi gare shi kamar sabulu.

Duk waɗannan a filin ƙwallon unguwarmu na koye su, bayan sallar Asuba, da gwangwanayen madara shida da na jera. Ina zagaya su a hankali har keke ya kusa tsayawa, ina zana layi a ƙasa in zo da gudu in tsaya a kansa ba tare da taya ta ja ƙasa ba, ina koyon ɗaga tayar gaba in haye itacen girki. Wata biyu na yi a haka kafin na koma gangarar da ta karya ni. Da na isa sai na sauka, na jingine keken, na bi ta da ƙafa har ƙasa ina duba inda zaizayar ruwa ta ci da inda zan sa taya, sannan na hawo na ɗauki keken.