Kafin ka sayi mota mai fizga, duba rarar da aka bar mata

Duk saurayin da ya zo mini da maganar motar gudu, tambayarsa ta farko ɗaya ce: doki nawa ce? Ni ma da wannan tambayar na shigo harkar, kuma ita ta fi cinye mini kuɗi. Adadin dokin da kamfani ya rubuta a takarda ƙarfin injin ne a ƙololuwarsa, ran da ya fito sabo fil. Bai faɗa maka nauyin da zai ja ba, bai faɗa maka ko tayoyi za su iya sauke ƙarfin nan a kan kwalta ba, balle ya faɗa maka ko da sauran wuri in ka so ƙari. Kai kuwa ƙanena, tunda burinka mota ce mai fizga wadda za ka ƙara wa ƙarfi daga baya, wannan na ƙarshen shi za ka saya. Wato rara: tazarar da ke tsakanin abin da kamfani ya saki da abin da ƙarafan za su iya ɗauka ba su karye ba.

Motar da na fara sa wa hannu ba ta da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Na canja salansa, na canja matatar iska, na kai aka taɓa kwamfutar injin. Ƙara ta ƙaru har maƙwabta sun san fitata da shigata, amma da aka ɗora ta a na'urar auna ƙarfi, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Dalilin a fili yake, ni ne ban tsaya na yi tunani ba. Ƙarfin inji daga ƙona fetur yake fitowa, fetur kuma ba ya ƙonewa sai da iska, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi. Injin da ba shi da turbo zuƙar iska yake da kansa, kuma iskar duniya matsinta bai wuce kimanin bar 1 ba (bar ma'aunin matsi ne). Duk dabararka, abin da silinda ta iya zuƙa shi ke nan. In kuma injin mai kyau ne, kamfanin ya riga ya tatse shi. Dubi Honda S2000 da ta fito a 1999: girman injinta lita 2 kacal, doki wajen 240, tana juyi har 9,000 a minti. Gwanin ban sha'awa, amma injiniyoyin ba su bar maka komai ba. In kana son ƙari na gaske a irin wannan, sai ka buɗe cikin injin ko ka ɗora masa turbo, aikin da ya fi ƙarfin mai farawa.

Mai turbo ba haka take ba. Hayaƙin salansa ne ke juya turbo, ita kuma ta cusa iska cikin silinda da ƙarfi, kwamfuta ce kuma ke yanke yawan matsin da za a bari. In turbo ta ƙara bar 1 a kan na iskar waje, iskar da ke shiga ta kusa ninkawa. Shi ya sa canja saitin kwamfuta kaɗai, ba a kwance ko noti ɗaya ba, kan kawo ƙarin da za ka ji a bayanka. Volkswagen Golf GTI zubi na bakwai tana da doki 220 daga injin EA888 mai lita 2, yayarta Golf R kuma tana ba da wajen 300 daga dangin injin nan ɗaya, da turbo mafi girma da wasu sassa da aka ƙarfafa. Idan ka ga kamfani da kansa yana sayar da inji ɗaya a matakan ƙarfi daban-daban, alama ce mai kyau cewa na ƙasan yana da sauran wuri. Manyan injinan V8 na Amurka, masu silinda takwas, su ne suka fita daga wannan ƙa'ida ta turbo. Dangin LS na General Motors, da suka fara da Corvette a 1997, da Coyote mai lita 5 da Ford ta sa wa Mustang a 2011, girmansu ne rararsu, kuma kayan ƙara musu ƙarfi sun cika kasuwa.

Akwai dalilin da ya sa har gobe ake zancen motocin Japan na shekarun 1990. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin ƙasar sun yi yarjejeniya tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata motar da ta wuce doki 280 a cikin gida. Sai suka riƙa ƙera injin da ya fi haka nesa, su rubuta 280 a takarda. Toyota Supra ta 1993, mai injin 2JZ-GTE, silinda shida a jere cikin bulok na baƙin ƙarfe, an sayar da ita a Amurka da doki 320, kuma masu gyara sun sha ninka wannan ba su taɓa fistin ko karanshaf ba. Nissan ta ƙera injin RB26DETT na Skyline GT-R ne don tsere, kuma samfurinta R32 ta lashe duka tsere 29 da ta shiga a gasar motocin Japan tsakanin 1990 da 1993. Haka injin 4G63T na Mitsubishi Lancer Evolution. Sai dai ka ji ni da kyau: waɗannan motoci sun tsufa, mafi ƙuruciya a cikinsu ta kusa shekara 20, wasu sun haura 30. Suna ba ya sabunta roba, ba ya gyara waya da ta bushe, kuma da wuya ka sami wadda hannu goma bai ratsa ta ba. Ga mai farawa na fi son na baya-bayan nan, irin injin B58 na BMW da ya fito a 2015, wanda Toyota da kanta ta ɗauka ta sa wa sabuwar Supra a 2019.

Kowane inji kuma da inda yake ciwo, sanin wurin nan kafin saye ya fi sanin adadin dokinsa amfani. N54 na BMW, na 2006, yana karɓar ƙarin ƙarfi cikin sauƙi, amma famfon mansa mai matsi ya ba da matsala har kamfanin ya kira motoci a Amurka a 2010 don canja shi. EJ257 na Subaru WRX STI an san shi da tsagewar fistin a wajen ringi in aka matsa masa da saiti marar kyau. Ba cewa nake kada ka saye su ba. Ka dai shiga da idonka buɗe, da kuɗin gyaran a ajiye.

Kuskurena mafi tsada shi ne sayen motar da wani ya riga ya yi wa aiki. Mai ita ya lissafa mini kayan da ya zuba, ya ce an gama komai, hawa kawai zan yi. Na ga kamar na tsinci dami a kala, tunda kayan kaɗai sun kusa rabin abin da yake nema. Ban tambayi wanda ya rubuta saitin kwamfutar ba, ban nemi takardar awo ba. Ashe an ƙara matsin turbo, amma famfon mai da nozul na asali ne, ba sa iya biyan iskar. Man ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa a cikin silinda, sai mai ya riƙa fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba maimakon ya ƙone a hankali daga tartsatsin fulogi. Wannan ƙwanƙwasar ba lallai kunnenka ya ji ta ba, musamman da salansa mai ihu, amma tana cin fistin kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba injin ya buga. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni dai na rufe ido ne. Rarar da nake ta faɗa maka, mutumin ya riga ya cinye ta, ragowar ya sayar mini.

Saboda haka nemi wadda ba a taɓa ba, ko da za ta fi tsada kuma ta fi sanyi a ranar farko. Ka je ka same ta injin na sanyi, kai za ka tayar da ita, don hayaƙi da ƙarar da ake ɓoyewa a lokacin suke fitowa. Ka sa makanike ya auna matsin kowace silinda, su zo kusa da juna. Ya cire bututun da ke kai iska daga turbo ya duba ko bakin mai ya taru a ciki, ya taɓa sandar turbo ya ji ko tana lilo. A jona na'urar bincike a kwamfutar. In an share laifuffukan da kwamfutar ta ajiye kwanan nan don a ruɗe ka, za ta nuna cewa gwaje-gwajen cikin gida ba su kammala ba. Ka kuma lura da masu mayar da mota kamar ta asali kafin su sayar: sababbin maɗaurai a kan tsohon bututu, kan noti da ya sha sifana, wayar da aka yanke aka naɗe. Takardun canjin bakin mai a kan lokaci sun fi mini duk wani dogon bayani.

Wani abin da ban yi lissafinsa ba shi ne giyabos. Saitin kwamfuta ƙarfin murɗawa yake fara ƙarawa, a tsakiyar juyi, kuma shi ne ke kashe kuloci. Ka taka totur a babbar giya, allurar juyi ta tashi, mota ba ta ƙara gudu ba: kuloci ya fara sulɓi ke nan. Kowane giyabos yana da iyakar da aka ƙera shi a kai. Na kamfanin ZF mai giya takwas ma sunansa ne ke faɗa, 8HP50 na Nm 500 ne (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), 8HP70 na Nm 700. A giyabos ɗin DSG na Volkswagen, DQ200 mai busasshen kuloci iyakarsa Nm 250, DQ250 kuwa da kulocinsa ke cikin mai ya fi shi juriya sosai. Motoci biyu za su iya yin kama a waje, abin da ke ƙarƙashinsu ya sha bamban. Mai giyar CVT kuwa, wato otomatik marar matakan giya, ƙyale ta ga masu zuwa ofis.

Ita fizgar kanta, a sakan na farko ba inji ke yanke ta ba, taya ce. Da ka taka, nauyi baya yake komawa. Mota mai ja da gaba tayoyinta sai su yi sauƙi daidai lokacin da ake buƙatar su danne, ka ƙara mata doki ta ƙara maka hayaƙin roba. Mai ja da baya ta fi, mai ja da huɗu ta fi duka a tashin farko, ko da yake tana da ƙarin nauyi da ƙarin abin lalacewa. Ka riƙa raba doki da nauyi: doki 200 a kilo 1,000 daidai yake da 400 a kilo 2,000, kuma mai sauƙin ta fi daɗin birki da kwana. Lissafin sakan nawa mota ke ɗauka daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa da ake yaɗawa ma a yi hattara da shi. Mujallun Amurka da yawa ba sa fara ƙirga sai mota ta yi tafiyar ƙafa ɗaya, abin da ke rage wajen kashi 3 cikin 10 na sakan. Ni yanzu na fi duba yadda take tashi daga 80 zuwa 120, don wannan ne kake amfani da shi in za ka wuce babbar mota. A nan ne kuma masu ɗora ƙatuwar turbo ke jin kunya, adadin ya yi kyau a takarda, amma ka taka sai ka jira kafin ta farka.

Zafi ma yana cin nasa rabo. Iskar da turbo ta matsa zafi take yi, in na'urar sanyaya ta ƙarama ce, takun farko zai yi daɗi, na uku kwamfuta ta ja baya don ta ceci injin. Haka mai: saitin da aka rubuta don fetur mai oktan 98 (oktan ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ne), ka zuba masa wanda bai kai ba, ka gayyato ƙwanƙwasa da hannunka. Ka sa a yi maka saiti a kan man da kake samu kullum.

Da zan sake farawa, ga yadda zan jera aikin. Fulogi, bakin mai, ruwan lagireto da duk robar da ta gaji su ne farko. Sai tayoyi masu kyau. Sai birki, domin in gudu ya ninka, zafin da birki zai haɗiye sau huɗu yake ninkawa. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma yana shan ruwa daga iska, in ya tsufa yana iya sauka wajen 155, ranar da ya tafasa kuwa ƙafarka za ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Bayan haka sanyaya iska da famfon mai. Saitin kwamfuta shi ne na ƙarshe, a wurin mai na'urar auna ƙarfi, a auna kafin aiki da bayansa a na'ura ɗaya, ya ba ka takardar da ke nuna matsin turbo da yawan mai da iska. Gwajin iyakarta kuma a filin tsere ake yi, inda ba mai tsallaka hanya.

In sabuwa ko mai 'yan shekaru kake hari, akwai tambaya ɗaya da ba ta dame mu a da ba: ana iya buɗe kwamfutarta? Kamfanoni sun ƙara kulle su, har ta kai mota iri ɗaya, ta wannan shekara a jona waya a canja saiti, ta shekara mai bi sai an cire kwamfutar an aika wa ƙwararru. Kwamfutocin zamani kuma suna ajiye shaidar an taɓa su ko da ka mayar da saitin asali, dillalin kamfani yana gani, kuma zai iya ƙin ɗaukar nauyin inji da giyabos a ƙarƙashin garanti. Ka ɗauki lambar jikin motar da watan da aka ƙera ta, ka kai wa wanda zai yi maka saitin ya tabbatar maka tukuna, sannan ka biya.