Ƙananan kalmomin da suka ci min albashi a Jidda

Duk wanda zai taho Saudiyya aiki daga Kano abu ɗaya ake nanata masa, ka koyi Larabci, ka koyi Larabci. Ni ma haka aka yi ta ce min, kuma ban damu ba don Larabcina ba laifi, na yi allo na sauke, na yi shekaru ina ɗaukar karatun zaure a Kurna bayan magariba, in Balarabe bai yi sauri ba ina gane shi sarai. Amma ba wanda ya taɓa ce min Turanci ne zai zame min ƙarfen ƙafa a ƙasar Larabawa, ko ejan ɗin da ya yi min biza bai faɗa ba.

Tuƙi nake yi. Ƙaramar bas ce, ina kwasar nas-nas daga gidan da kamfani ya kama musu, wanda a nan ake ce wa sakan, in kai su asibiti in dawo da waɗanda suka tashi, safe da yamma da dare. Yawancinsu 'yan Filifin ne da 'yan Indiya musamman mutanen Kerala. Da ɗan Bangaladash ko ɗan Pakistan muna gane juna da Larabcin nan na kan titi, mafi mushkila, mafi ma'alum, inta fi ruh, sem sem, wanda in malaminmu na nahawu ya ji sai ya riƙe baki. To amma asibiti wata duniya ce daban, likitanci ma da Turanci ake karanta shi a jami'o'in ƙasar, fayil Turanci, jadawalin aiki Turanci, saƙon da za a turo maka a waya Turanci.

Abin ya faru ne ban daɗe da zuwa ba, a 2022. An canja lokacin ɗaukar masu aikin dare aka dawo da shi da wuri, a gurup ɗin WhatsApp aka sanar, ni kuma ba a saka ni a gurup ɗin ba tunda sabo ne, ba kuma wanda ya kira ni. Na zo a lokacin da na saba na tarar duk sun hau tasi sun tafi. Washegari mai kula da mu direbobi ya kira ni ofis, ga takarda a kan tebur 'yar gajeriya, yana ta duba agogo yana cewa sa hannu sa hannu. Na ɗauka na karanta, har yau ina iya kawo ta da ka: the driver did not show up and did not get back to the supervisor. Wallahi babu kalma ɗaya a ciki da ban sani ba. Show nunawa, up sama, get samu, back baya, duk tun firamare. Amma da aka haɗa su sai suka rufe min ƙofa. Nace masa dan Allah me takardar take cewa, yace ba komai shaida ce kawai an yi magana da kai, sannan ya juya wajen sauran direbobin da ke tsaye yace wai wannan ba ɗan Najeriya ba ne, ai Najeriya Turanci suke yi, ya aka yi bai gane ba. Aka yi dariya. Na sa hannu na fita.

Ƙarshen wata albashi ya shigo da giɓi. Ashe abin da na sa wa hannu cewa yake ban zo aiki ba sam, kuma an neme ni ban waiwayi kowa ba. Ƙarya biyu a layi ɗaya kuma da sa hannuna a ƙasa.

Kuɗin sun yi min ciwo don a watan ne za a biya kuɗin makarantar yara, amma gaskiya dariyar ta fi ci min rai, har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Mutumin nan bai san cewa a makarantar gwamnatin da na yi, malamin Turanci da Hausa yake koya mana Turancin ba, ya rubuta a allo mu kwafa mu haddace mu zuba a jarrabawa shikenan. Bai san cewa a Kano za ka yi ciniki a Kwari, ka sayi kayan mota a Ƙofar Ruwa, ka je asibiti, ka yi aure ka haifi 'ya'ya ba ka buƙaci jimla ɗaya ta Turanci ba. Shi dai ya ji an ce harshen gwamnatin Najeriya Turanci ne sai ya ɗauka da shi ake yi mana huɗuba a kunne. Su 'yan Filifin Amurka ta mulke su daga 1898 har 1946, da Turancin suke karatu tun suna yara, finafinansu da waƙoƙinsu duk a cakuɗe, ba ɗaya muke ba.

Wanda ya fassara min takardar wani dattijon direba ne ɗan Sudan, Kawu nake ce masa. Mutumin Mai Wurno ne a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, jikokin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, Hausarsa irin ta da ce mai daɗi kamar kana jin kakanka. Shi ya gaya min cewa a dokar ƙwadago ta Saudiyya Larabci ne harshen kwantiragi da takardun ma'aikata, in an haɗa da wani harshe to na Larabcin ake bi. Yace ɗana da ka ce a ba ka da Larabci. Na yi shiru, don da da Larabci ne wallahi da ban sa hannu ba. Kawu shi ne kusan duk Hausar da nake ji baki da baki a sati, saboda unguwannin da aka ba ni labari tun a gida, su Karantina su Gulel inda mutanenmu suke, na zo na tarar ana ta rusau tun ƙarshen 2021, jama'a sun watse kowa ya kama gabansa. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023 shi ma hirar tasa ta ragu, kullum yana kan waya yana neman labarin 'yan uwa.

Da farko littafi na saya a Balad, tsohon garin Jidda, mai jerin kalmomi, Turanci a hagu Larabci a dama, ina haddacewa kamar yadda na saba. Ba ya zama. Yau ka haddace give up da give in da give away, gobe duk sun cakuɗe. Wata nas ce babba a cikinsu, 'yar Filifin, su suna ce mata ate wato yaya, ni kuma sista nake ce mata, ita kuma tana ce min kuya wato yaya namiji, ta gan ni da littafin a kan dashbod tace in ajiye shi. Tace kullum da safe za ta ba ni guda ɗaya, ni kuma in na zo ɗaukar su da yamma sai in ba ta labarin abin da ya faru da ni yau da kalmar a ciki, ba labarin wani ba, nawa.

Haka muka fara, da na bakin aikina. Pick up ɗauko mutum, drop off sauke shi, pull over gangarawa gefen titi, fill up cika tanki, run out of ƙarewar abu a hannunka. Ranar da aka yi ruwan nan mai yawa a Nuwamban 2022 titunan Jidda suka zama kogi, ina kan Titin Madina motoci sun mutu a ƙarƙashin gada ruwa har gilas, na juya da bas na bi ta wata hanya na kai su lafiya, da yamma na ba ta labarin gaba ɗaya da Turancina mai ɗingishi, a ranar na kama break down da turn back da get through, kuma har gobe in na ji break down ruwan nan nake gani da motocin nan. Abin da na lura kenan, kalmar da ka rataya a jikin abin da ya same ka ba ta faɗuwa.

Daga baya ma sai na ga ai mu ma haka muke yi. Mu ce ci bashi, ci amana, ci kasuwa, ci jarrabawa, ci gaba, ba cokali ba kwano. Mu ce sha wahala, sha iska, sha kashi. Da za ka ba sista ƙamus ta duba ci ta duba amana, ba za ta taɓa gane an cuce ka ba. Wannan tunanin ya sanyaya min zuciya ƙwarai, don na gane ba ƙwaƙwalwata ce ta gaza a ofishin nan ba, abu ne da sai an zauna da masu shi.

Sai muka shiga karin magana. In ɗaya ba ta jin daɗi a ce tana under the weather, in an gaji za a tashi a ce call it a day, in sun ga na yi shiru da yawa a madubi su ce kuya hang in there, wato ka daure. Ni ma ina da ranata, in mun tsaya a baƙala wato kantin kayan masarufi ko kemis ko an tare mu a shingen 'yan sanda ana tambayar iƙama wato katin izinin zama da takardun mota, ni nake magana da Larabci mai kyau su duk su yi tsit suna kallona, har wata ta ce in koya mata karanta allon hanya. A irin wannan lokacin nakan ji ni ma wani ne.

An sake kawo min wata takarda bayan nan, kan wata 'yar ƙujewa a jikin bas da ba ni na yi ba. Na zauna na karanta ta a nutse mai kula da mu yana ta duba agogonsa, nace a kawo ta Larabci, kuma na rubuta da hannuna a ƙasa cewa ba ni na fita da motar ranar ba, a duba rajista. Ba wanda ya yi dariya. Kuɗin farko dai ba su dawo ba, kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba.

Yanzu yawancin labaran ba sista nake ba wa ba, babbar 'yata nake turawa. Tana aji uku na ƙaramar sakandare a makarantar kuɗi, don ita da ƙannenta nake zaune a nan. Muna gaba da Najeriya da awa biyu, to in na sauke masu aikin dare na dawo ɗaki su lokacin sun idar da isha'i, sai in yi mata saƙon murya da Turanci in ba ta labarin yinina, ita ma ta ba ni nata, wa aka daka a makaranta, nawa aka sayo gas, me mamansu ta dafa. Takan ce Abba ba haka ake cewa ba, ta gyara min a hankali cikin ladabi. Wata rana tace Abba we look after Hajiya very well, kar ka damu, na kasa ba ta amsa sai da safe. Hajiyarmu hawan jini ne da ita da ciwon ƙafa, ni ne babba, ni ya kamata in riƙa kai ta asibiti, ga shi matan wasu ƙasashe nake kaiwa kullum. Ita Hajiya ba ta son saƙon Turancin nan ko kaɗan, tace in dai da ita zan yi magana to in kira ta in yi mata Hausa ta ji muryata sosai, kuma duk kiran sai ta tambaya ko na je Harami wannan satin na yi mata addu'a, tana ganin kamar a ƙofar Ka'aba nake kwana, alhali Makka kusan kilomita 80 ce daga nan kuma ba kowace Juma'a nake samun hutu ba.

Autanmu bayan na taho aka haife shi, a waya ya san ni, in an ce ina Abba sai ya nuna wayar mamansa. Wanda ya fi damuna yanzu shi ne mai bi wa babbar, namijin. Ya fara cewa shi makaranta ta ishe shi, wai adaidaita sahu zai koya wajen yaran unguwa tunda Abbansa ma direba ne kuma yana turo riyal. Mamansu ta yi faɗan ta gaji, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada ita kaɗai take fama da cefane da kuɗin makaranta da rigimar yara, ba na son in ƙara mata. Na kira shi na ba shi labarin takardar nan tun daga farko har dariyar, ban ɓoye masa komai ba, ya yi shiru yace to Abba, amma ban san ko ta shige shi ba. Na roƙi ƙanina ya riƙa leƙa makarantar yana ganin malaminsu, kuma nace wa yayarsa ta riƙa saka shi a saƙon dare ko jimla biyu ce ya faɗa min abin da ya yi yau. Shekaranjiya ya yi, jiya bai yi ba. Hutuna sai bayan aikin Hajji in Allah ya kai mu, in na je ni da shi za mu zauna.