Wasiƙa daga Ingila: Kukan Yaro a Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna nan lafiya, sanyi ne dai ba sauƙi. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a saƙonninku: wai da gaske muna kai yara gidan raino tun ba a yaye su ba, to yaya yaro zai shaƙu da uwarsa a haka? Ina so in taɓo batun iyaye maza da batun waya ma, in wuri ya bari.

Takardu ne suka fara ɗaure min kai. Kafin masu gidan rainon su karɓi 'yata sai da na cike fom shafi bayan shafi har hannuna ya gaji. Bayan suna da allurar rigakafi, suna son sanin abin da ke sa ta kuka, yadda ake lallashinta, tsumman da take riƙewa in barci ya zo, har da kalmar da take faɗa in tana jin ƙishi. Sannan suka ce ba za ta yini ba a ranar farko. Sai na zauna tare da ita tukuna, washegari in fita na ɗan lokaci, a riƙa ƙarawa a hankali. Doka ce a nan a ware wa kowane yaro ma'aikaci ɗaya da zai zama nasa, kuma a ɗakin 'yan ƙasa da shekara 2 babba ɗaya ba zai wuce yara 3 ba.

Wahala ce ta koya musu wannan. A da, asibitocin ƙasar nan kan hana iyaye ganin yaransu sai ɗan lokaci a mako, wai don zuwan uwa na tayar da kuka. A 1951 likita John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan illar raba ƙaramin yaro da mai kula da shi. A 1952 abokin aikinsa James Robertson ya ɗauki fim ɗin wata yarinya 'yar shekara 2 da ta yi kwana 8 a asibiti. Sun lura cewa yaro kan fara da kuka da bore, sai ya karaya, daga nan ya yi shiru kamar bai damu ba. Ma'aikata suna cewa ya saba, alhali ya fid da rai ne. Wannan shirun ya fi kukan ba ni tsoro. A 1959 wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar a buɗe wa iyaye ƙofar asibiti.

Saboda haka in yaro ya fara ƙiwa wajen wata 7 ko 8, kada a ce an sangarta shi. Ya gane nasa ne. Masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth, wadda ta fara bincikenta a Uganda a 1954 kafin ta ci gaba a Amurka, ta fi sa ido kan abin da yaro ke yi idan uwa ta dawo: ya miƙo hannu, a ɗauke shi, ya huce, ya koma wasansa. Shaƙuwa mai lafiya ke nan. Kuma ba uwa kaɗai ba. Wani bincike a Glasgow a 1964 ya bi jarirai 60, ya gano yawancinsu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya kafin wata 18, kuma sun fi manne wa mai amsa musu, ko da ba shi ke ciyar da su ba. Iyaye maza, da ku ake.

Roƙona biyu ne. Kada ki sulale yaro bai gani ba. Ki yi masa sallama, ki ce za ki dawo, ko da zai yi kuka. Kuma in an samu mai raino ta kirki a riƙe ta, don yawan canjin hannu na rikita yaro.

Batun waya sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida yara.